Aron Rana

Tun shekarar da Alhaji Bawa ya ɗora bene a bayanmu
tagar ɗakinmu ta zama ado.
Ka miƙa hannu, bulo za ka taɓa.
A Aboabo rana tana fitowa kamar ko'ina,
tana bi ta kan kwanuka, tana gaisawa da kowa,
mu kam sai labarinta muke ji a bakin masu shigowa.

Azahar a ɗakin nan magariba ce.
Mma Abiba, mai wake da shinkafa a bakin titi,
da yatsa take tsintar wake, ba da ido ba,
tsakuwa takan kuɓuce mata,
har wani direba ya dawo da haƙori a tafin hannu
yana tambayar wa zai biya.

Ƙwan lantarki muna da shi, guda ɗaya,
amma mita tana cin kuɗi kamar akuya a rumbu,
ga ranakun da ake ɗaukewa ba sallama.

Na juye gwangwanin madara a kan gado:
sidi tamanin da huɗu.
Na je wurin mai gidan haya, Maame Serwaa,
na ce ko za a fasa bango.
Ta dube ni ta saman tabarau.
Na sake gaishe ta, na fito.

Sai na nufi Alabar da ƙafa.
Farar ƙasa rabin buhu, na yi ciniki har mai ita ya rantse.
Burushi na Mumuni mai fenti ne,
da sharaɗin in wanke kafin ya bushe.
Labulen nan mai kauri, ruwan hanta, na sauke shi,
Mma ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.
Tsohon mayafi fari, shara-shara, ya maye gurbinsa.
Kabad ɗin da ya tsare ƙofa mu uku muka tura shi lungu,
a ƙarƙashinsa muka tsinci cokali biyu
da carbin marigayi Baba.

Madubi kuwa, Awudu mai aski ya rufe shago,
ya ce in ɗauka, ai ya tsage.
Na kafa shi a tsakar gida, daura da ƙofa,
ina karkata shi kaɗan-kaɗan,
'yata Sadiya tana ciki tana ihu:
"Saura kaɗan! A'a, ka wuce! Dawo!"
Sai na ji ta yi shiru.

Na shiga.
Ga rana zaune a kan tabarma,
faɗinta bai fi faranti ba,
tsagar madubi ta raba ta biyu kamar goro.
Farin bango ya karɓe ta, ya miƙa wa ɗan'uwansa,
shi ma ya miƙa wa silin.

Ba wanda ya gaya mini haske ɗan tonon asiri ne.
Ga sawun yoyo, ga yanar gizo-gizo,
ga inda burushina ya yi ha'inci.
Ga kuma kan Mma, da na sani baƙi,
ashe ya riga bangon yin fari.
Shekara nawa muna ɗaki ɗaya, ban gani ba.

Daga ƙarfe goma ne zuwa sha ɗaya da 'yan mintoci,
bayan nan bene ya karɓi abinsa.
In hadari ya haɗo ta wajen Asawase, ranar ba mu da rabo.
Amma Mma ta mayar da tsintar wake wannan lokacin,
takan jawo 'yar kujera, ta aza tire a tsakiyar hasken,
tsakuwa kuma ta rasa wurin ɓuya.

Jiya Maame Serwaa ta leƙo karɓar kuɗin wata,
na ji Mma tana ce mata:
"Ki shigo a hankali, kada ki taka mini baƙuwa,
ta aro ce, yanzu za ta tafi."

Sidi shida ya rage a gwangwani.
Sadiya ta ce a nemo ƙaramin madubi na biyu,
ko la'asar ma za ta yarda ta shigo.